Aibin Maƙera Da Tabon Kasuwa

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa ba wani babban abu ba ne a ido. Wani gwangwanin madara ne mai tsatsa, wanda aka tsinta ƙarƙashin gadon wata tsohuwa a garin Wurno bayan Allah Ya yi mata rasuwa. Muna zaune a zaure ranar da aka fito da 'yan komatsanta domin a ƙididdige kafin malam ya zo rabon gado, sai wani ya girgiza gwangwanin aka ji ƙara. Da aka juye shi a kan tabarma sai ga tsofaffin kuɗi sun warwatsu: kwabbai masu huji, da ɗari-ɗari, da anini biyu ko uku, da taro, da sisi, da sule guda ɗaya tak.

Wani jikan marigayiyar, saurayi mai yawan duba waya, ya yi wuf ya durƙusa. Ya ce ai ya ji labari Turawa suna zuba kuɗi masu yawa su sayi tsohon kuɗin da aka yi kuskure wajen buga shi. Nan take ya ware guda uku ya ce su ne arzikin gidan. Na farko kwabo ne mai huji a tsakiya. Na biyu shi ne sulen nan, wanda ke da ɗan ƙaramin huji dab da baki. Na uku wani kwabo ne da wani layi siriri kamar gashi ya ratsa ta kan tauraronsa. Kawunsa, dattijo mai furfura, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, “Kai yaro, wanga kwabo da hujinai anka ƙero shi. In huji kuskure na, to duk kuɗɗin da munka biya haraji da su kuskure na.”

Aka yi dariya aka wuce. Amma mu tun daga ranar wata tambaya ta hana mu sakat. Idan muka ga aibi a jikin abu, ta yaya za mu gane ko da shi ya fito daga maƙera, ko kuwa a hannun jama'a ya same shi? Kuma me ya sa sanin hakan ya zama wajibi kafin a yanke hukunci?

Bari mu fara da kwabon farko, domin dattijon nan ya fi jikan gaskiya. Tun 1907 Turawan mulki suka fara buga wa wannan yanki kwabo da anini masu huji a tsakiya, ɗari kuma ya biyo baya a 1911. Da gangan aka yi hujin, don a iya zura su a igiya. A fuska ɗaya akwai kambi da sunan Sarkin Ingila da rubutun Larabci mai faɗin darajar kuɗin, a ɗaya fuskar kuma tauraro mai tsini shida. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Yammacin Afirka, a 1913 aka kawo taro da sisi da sule da dala na azurfa, waɗanda aka mayar na tagulla a 1920. Ko da Babban Bankin Nijeriya ya fitar da nasa kuɗin a 1959, kwabo bai rabu da hujinsa da tauraronsa ba, sai da naira ta zo a 1973 sa'an nan aka yi sallama da su. Wato yaron nan ya kira abu kuskure ne kawai saboda bai san yadda mai ƙirar ya nufa ya kasance ba. Wannan shi ne tuntuɓen farko na duk mai neman aibi, kuma za mu dawo gare shi.

To, yaya ake yin kuɗin ƙarfe? Ana narka ƙarfe a murza shi ya zama falle mai kauri ɗaya, sai inji ya riƙa yanko faifai-faifai daga jikinsa, kamar yadda baduku ke fitar da da'ira daga jar fata. A ɗan tayar da bakin kowane faifai, sa'an nan a shigar da shi tsakanin hatimi biyu na ƙarfe mai tauri, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, da wani zobe kewaye da shi don kada ya baje. Sai a danna shi da ƙarfin gaske, bugu ɗaya, fuskokin biyu su fito lokaci guda. Wannan bugun shi ne iyaka. Abin da ya auku kafinsa ko a cikinsa na maƙera ne, abin da ya auku bayansa na duniya ne. Masana tsofaffin kuɗi ba su da wata tambaya da ta wuce wannan: a cikin matakan ƙira, wane mataki ne zai iya haifar da wannan alama? In babu, to a waje aka same ta, komai ban mamakinta.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda ƙarfen da kansa yake ba da shaida. Zanen da ke jikin hatimi a juye yake, abin da ya lotsa a jikinsa shi ke tasowa a jikin kuɗi. Saboda haka in hatimi ya tsufa ya tsage, ƙarfe zai kutsa cikin tsagar, sai a ga layi ya taso a kan kuɗin, ana jin tudunsa da farce. Bugu da ƙari, duk kuɗin da aka buga da wannan hatimi daga nan gaba zai fito da layin nan a daidai wurin nan. Aibin hatimi yana da 'yan'uwa. Ƙarzanar wuƙa ko ta ƙusa kuwa rami take yi, kuma ƙarfen da ta taɓa ba ya ɓacewa, ture shi take yi gefe, kamar yadda garma ke ture ƙasa ta tayar da kunya. Duk inda ka ga rami da ɗan tudu a gefensa, to wani abu ne ya bi ta kan kuɗin bayan an gama shi. Haka hujin ƙusa yake: ta inda ta shiga ya lotsa, ta inda ta fita ya yi leɓe. Kuɗin da guduma ta daka, ko tayar mota ta taka, fuskokinsa biyu za su daku tare, faɗinsa ya ƙaru, nauyinsa yana nan. Wanda aka tsoma cikin ruwan batir zai sirance ya rage nauyi, zanensa duka ya dushe. Idan kuma aka sami kuɗi mai giɓi a baki, sai a duba: in tun a faifai aka yanko shi da giɓin, zanen zai riƙa dusashewa a hankali yayin da ya doshi wurin, bakin da ke fuskantar giɓin daga ɗaya ɓangaren ma zai fito da rauni, in kuwa almakashin maƙeri ne ya gutsure shi, zanen zai tsaya cak, yankan ya yi kaifi.

Kurakuran maƙera na gaske suna nan, har a cikin kuɗin da kakanninmu suka kashe. Wanda ya fi ban sha'awa shi ne wanda masana ke kira alfadari, wato kuɗin da aka buga da hatimi biyu waɗanda ba na juna ba ne. A 1936 Sarki Edward na Takwas ya hau gadon sarautar Ingila, ya yi murabus kafin shekarar ta ƙare. A ƙasarsa ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba, amma mu nan an saki kwabo da ɗari da anini, domin su suna kawai suke buƙata, ba hoto ba. A shekarun nan Ahmadu Bello yana hakimcin Rabah, kuma irin waɗannan kwabbai ne talakawa ke ƙirgawa ranar kasuwa. To, sai ga shi an sami kwabo mai shekarar 1945 ɗauke da sunan Edward, shekara tara bayan ya sauka. Wani ma'aikaci a maƙerar Heaton ta birnin Birmingham ya ɗauko tsohon hatimi ya haɗa da sabo. An sake irin haka a 1956, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta kawo ziyara Nijeriya aka yi mata hawan daba a Kaduna: wasu kwabbai na shekarar suka fito da sunan mahaifinta Sarki George na Shida, wanda ya rasu tun 1952. Irin waɗannan su ne masu tarawa ke nema, domin babu hannun da zai iya ƙirƙiro su a kasuwa.

Amma inda duk aka ce aibi ya yi tsada, sai an sami masu ƙirƙira shi. A 2008 maƙerar Ingila ta fitar da wasu kuɗin kwabo ashirin da ba su da shekara ko ɗaya, saboda haɗa tsohon hatimi da sabo. Da labari ya bazu, duk mai magagari yana iya goge shekarar da ke jikin nasa ya ce ga shi. Sai dai magagari yana barin sawu, wurin zai lotsa, madubi mai ƙara girma zai tona asirin.

Kada mai karatu ya ce wannan ilmin Turawa ne masu lokacin ɓatawa. Je ka kasuwar Achida, ko ka tsaya inda ake lodin albasa da tafarnuwa daga fadamun Wurno da na Goronyo, waɗanda madatsar ruwan Gulbin Rima ta 1984 ta ƙara wa albarka. Idan buhu ya isa Kudu a ruɓe, rigima ta tashi tsakanin manomi da mai mota, dillalin kirki ba ya rantsuwa, wuƙa yake ɗauka ya tsaga albasa biyu. In ruɓar daga zuci ta taso alhali ɓawo na nan lafiya, to daga gona take. In daga waje ta shiga, ta inda buhu ya danni buhu, to hanya ce. Amsar ita ke nuna wanda zai ɗauki asara. Ka ga ashe tambayar tamu tambayar adalci ce.

Yanzu mu juyo ga ɗan'adam, inda muka nufa tun farko. Sai dai mu yi hanzarin kare kanmu: idan muka ce maƙerar mutum, ba halittar Ubangiji muke nufi ba, wadda ba ta da kuskure. Gida muke nufi, da makaranta, da unguwa, wato hatiman da ke danna yaro tun yana ɗanye. Malamanmu sun karantar da mu cewa a kan tsarki ake haihuwar kowane yaro, iyaye da muhalli ke juya shi. Bahaushe kuma yana da magana biyu da ke jan juna. Ya ce hali zanen dutse. Ya kuma ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Dukansu gaskiya ne, amma a kan mutum guda da aibi guda, ɗaya ce za ta fi dacewa, kuma mu mun saba da saurin zaɓen ta farko domin ta fi sauƙi. Wanda aka ce halinsa zanen dutse ne an huta da shi, ba sauran bincike.

Ɗauki misalin matar da aka aurar tana ƙarama, ta yi aure uku, ta dawo gida da harshe kamar reza. Unguwa za ta ce ai dama can haka take, shi ya sa ba ta zama. Wa ya tsaya ya duba ko akwai kunya a gefen ramin? Domin idan tabo ne, to alherin da ke wurin bai ɓace ba, ture shi aka yi. Za ka tarar matar nan da ba ta yarda da kowane namiji ba ita ce ke tashi tsakar dare don ɗan maƙwabta da ke zazzaɓi. Ko saurayin da ya tafi ci-rani Legas ya dawo ba ya amsa sallama da fara'a, yana ƙirga canji sau uku. Rashin yardar nan tasa yarda ce da aka taka. Mai neman gaskiya zai tambayi waɗanda suka san shi kafin tafiya.

Ɗaya alamar kuma ta fi ɗaci, domin mu take nunawa. Mun ce aibin hatimi yana da 'yan'uwa. Idan ka ga 'ya'yan gida guda, na ɗaki daban-daban, duk suna yin ƙarya iri ɗaya a wuri iri ɗaya, wato da zarar an tsare su da ido, to daina dukan yaran, je ka duba hatimin. Wataƙila gida ne da ake dukan mai gaskiya a ƙyale mai wayo. Idan ɗalibai aji bayan aji suna fita da tsaga guda, ba kasuwa ce ta yi masu ba. Uban da ke cewa abokai sun ɓata mini yaro, alhali ƙannen yaron da ba su san abokan ba suna tafe da layin nan a daidai wurin nan, ya yi kama da maƙerar da ke zargin 'yan kasuwa da tsagar hatiminta.

Sai kuma kwabo mai huji, wanda ba shi da aibi sam. Bahago nawa aka daka da muciya don ya koma cin tuwo da rubutu yadda ake so? Yaro nawa mai shiru-shiru aka kira dolo, alhali irin ƙirarsa ke nan? Gyaran abin da bai ɓaci ba shi ne ɓarnar da ta fi yawa a gidajenmu, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta.

Da a nan maganar ta tsaya da ta yi daɗi, amma anini ya ƙi yarda. Aninin farko na 1907 da alminiyon aka yi shi, yana cikin kuɗin farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe. Ya fito daga maƙera fes, babu tsaga babu giɓi. Da ya shiga hannun jama'a ya gamu da gumi da laima sai ya fara cinyewa, har dole ta sa a 1908 aka koma yin sa da farin ƙarfe mai ƙwari. To, ramukan da ke jikin irin wannan anini na wa ne? A kasuwa suka bayyana, amma a maƙera aka shuka su, ranar da aka zaɓi ƙarfen da bai dace da ƙasar da za a aika shi ba. Mu a ganinmu mafi yawan abin da ke damun mutane irin na aninin nan ne. Yaron da aka raina cikin gata ba a koya masa jin kalmar “a'a” ba, ko wanda aka tura birni yana shekara bakwai da ƙoƙo a hannu, duniya ce za ta cinye shi, amma ba duniya ce ta zaɓi ƙarfen ba. A irin wannan shari'a laifi rabawa ake yi, kuma alƙalin da ya ɗora shi duka a wuri ɗaya ya yi ganganci.

Akwai kuma inda misalin ya gaza gaba ɗaya, dole mu faɗa. Kuɗi ba shi da laifi ko ta wace fuska, domin ba shi da zaɓi. Mutum yana da shi. Shi ya sa a cikin mutane ake samun masu magagari iri biyu. Wani zai ɗauko ɗabi'ar da ya koya jiya a bakin tasha ya ce haka Allah Ya yi ni, wato ya mayar da tabo aibin asali don kada a ce ya gyara. Wani kuma zai ɗauko rowar da ya taso da ita ya ce duniya ce ta koya mini, don a tausaya masa. Sanin inda aibi ya shigo bai wanke mai shi ba. Abin da yake yi shi ne ya nuna wa za a kira tare da shi, da kuma ta inda za a fara magani. Hasali ma nan mutum ya fi kuɗi sa'a: tsohon kuɗi in aka goge shi don ya yi ƙyalli darajarsa faɗuwa take yi a wurin masana, shi kuwa mutum ƙofar tuba a buɗe take gare shi.

Ina ruwan marubuci da duk wannan? Ruwansa har wuya. Mu duba littattafanmu na hikaya. Kishiya muguwa ce tun daga shafin farko, uwar miji mayya ce, Alhaji mai kuɗi azzalumi ne, ba a gaya mana yaushe ko ta yaya ba. Mun buga su duka da hatimi ɗaya, tsagar ma iri ɗaya. Mai karatu zai ƙi su, amma ba zai gane kansa a cikinsu ba, alhali gane kai shi ne amfanin labari. Ba muna cewa a wanke mugu ba. Muna cewa marubuci ya san ranar da ƙusa ta shiga, ko da ba zai rubuta ranar ba, domin saninta zai fito a yadda matar ke aje kwano da yadda take yin shiru.

Sa'an nan ga namu rubutun. Kowa ya san hanzarin nan na “kuskuren ɗab'i ne”, wanda muke rataya wa mai buga tafireta a da, yanzu kuma mai kwamfuta. Wani lokaci gaskiya ne. Amma in kalmar da aka karya a shafi na uku ita ce aka karya a na talatin, aka kuma karya ta a wasiƙar da marubucin ya aiko wa edita da hannunsa, to ta yi 'yan'uwa da yawa. Haka wanda ya kasa ɗaure jimla ya ce salonsa ne. Manazarta tsofaffin littattafai da wannan ma'auni suke aiki. Littafin Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya rubuta a 1812, shi da kabarinsa ke nan Wurno tun 1837, ya iso gare mu ta hannun masu kwafa da yawa. Kuskuren da ke kwafi ɗaya kaɗai na mai kwafar ne, wanda kuwa ya bayyana a kwafe-kwafen da suka biyo hanyoyi dabam-dabam sai a bi shi sama a nemi tushensa. Ba a ɗora wa malami tuntuɓen alƙalamin almajiri, ba a kuma ɓoye na malamin a bayan almajiri.

Mu koma zauren nan na Wurno. Bayan la'asar aka samo madubi mai ƙara girma wurin wani mai gyaran agogo, aka duba kuɗin nan biyu da suka rage. Layin da ke kan kwabo na uku tasowa ya yi, farce na jin tudunsa, babu rami babu kunya. Tsagar hatimi ce ta gaske, yaron ya canka. Sai dai irin wannan ƙaramar tsaga ba abin mamaki ba ce a kuɗin da aka buga da yawa, ba ta kai ta sayi ko buhun gero ba. Sulen kuwa hujinsa ya lotsa ta fuskar bishiyar kwakwa ya yi leɓe ta fuskar Sarki, gefen hujin na sama ya sha gogayya har ya yi santsi. Ƙusa ce, kuma igiya ta daɗe a ciki. Yaron ya tura shi gefe ya ce wannan ya lalace.

Sai babbar 'yar marigayiyar, wadda ta leƙo daga cikin gida don ɗaukar kwanuka, ta miƙo hannu ta bayan labule. Ta ce Inna ce ta sa aka huda shi, ta rataya mata a wuya shekarar da ta yi ƙyanda, daga baya kuma duk ƙannenta bakwai sun sa shi. Ta ce in ba mai so a sa mata shi cikin rabonta. Kawun ya ɗauka ya miƙa mata, ta ƙulle shi a bakin zanenta ta koma ciki.